Yini Guda Cikin Jirgin Shata A Tsibiran Lamu

Duk wanda ya saba da aikin ofis ko na makaranta ya san agogo shi ne ubangidansa. Ƙarfe kaza a buɗe, ƙarfe kaza a tashi, wanda ya makara kuwa ya sha tambaya. Mu ma haka muka saba, har Allah ya kai mu Lamu cikin watan Janairu na 2023, mu huɗu, muka yi shatar jirgin ruwa na yini guda don mu zaga tsibiran wurin. Mun shiga jirgin nan da tsammanin tun da kuɗinmu muka biya, to, lokaci namu ne. Kafin magariba mun gane akwai mai iko da yinin nan wanda bai karɓi ko anini daga hannunmu ba, watau ruwa.

Inda Lamu Take

Lamu tsibiri ne a gaɓar Tekun Indiya cikin ƙasar Kenya, kamar mil 150 arewa maso gabas da Mombasa in an miƙe, ba nisa ƙwarai da iyakar Somaliya. Manyan tsibiran wurin uku ne, Lamu da Manda da Pate, sa'an nan da ƙanana barkatai. Mutanen Musulmi ne, harshensu Sawahili. Gidajen tsohon garin na dutsen teku ne da farar ƙasa, benaye manne da juna, lungunan kuwa don ƙunci mota ba ta shiga, sai jaki ke ɗaukar kaya. Girman da jaki ke da shi ya kai an buɗe masa asibiti nasa na kansa a 1987. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai son zaga tsibiran nan hanya biyu gare shi. Ko ya shiga jirgin haya na kowa da kowa, wanda ba ya tashi sai ya cika, ba ya kuma tsayawa sai inda ya saba, ko kuwa ya yi shata, jirgi da ma'aikatansa su zama nasa daga safe har dare. Muka zaɓi shata. Jirgin da muka samu irin wanda suke kira mashuwa ne, na katako, da ƙyalle guda babba mai kusurwa uku wanda iska ke turawa, su suna ce da shi tanga, da ɗan inji a baya saboda sa'ad da iska ta kwanta. A goshinsa dama da hagu an kafa wasu faya-fayan katako masu zanen wata da tauraro, wai idanun jirgi ke nan. Shugaban jirgin, wanda ake kira nahoda, dattijo ne mai furfura, da samari biyu a ƙarƙashinsa.

Ciniki Da Rikicin Agogo

Da yamma muka zauna da shi a bakin gaɓa, da ɗan Larabci da ɗan Turanci, ɗaya daga cikin samarin yana yi mana tafinta. Muka miƙa masa takardar da muka tsara, kamar yadda akan tsara jadawalin darussa: da safe mu fara da kufan Takwa a tsibirin Manda tun rana ba ta yi zafi ba, da azahar mu je wani ɗan tsibiri mu ci abinci, da la'asar mu komo. Bai ko dubi takardar ba. Ya tambayi yaronsa yau nawa ga wata, aka ce masa 13. Sai ya ce, "Malamai, gobe 14 ke nan. Da safe babu ruwa a Takwa. In kuna son ganinta sai da la'asar."

Babbanmu ya ce, "Baba, ai shata muka yi. Ba mu ke da ikon cewa ga inda za a fara ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Jirgi na ba ku shata, Malam. Ruwa ba nawa ba ne balle in ba ku."

Sa'an nan ya ce mu hallara ƙarfe 12. Muka yi ta mamakin yadda za a ɓata rabin yini kafin a tashi, har gardama ta so ta kaure, sai tafinta ya gane inda aka sami saɓani. Ashe Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙidayar sa'o'insu. Abin da muke kira ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu, ƙarfe 12 nasu kuwa shi ne 6 namu. Dalili kuwa ƙasar tana dab da tsakiyar duniya, rana tana fitowa tana faɗuwa kusan lokaci guda duk shekara. Daga nan muka ajiye agogo muka koma ga sunayen salloli, gama alfajiri da aduhuri da alasiri da magaribi na bakinsu ba su ɓoyu ga Bahaushe ba. Aka shirya a kan bayan sallar asuba.

Lissafin Cikowa Da Janyewa

Ya kamata mu tsaya mu bayyana abin da dattijon nan ya sani, don malaman makaranta su sami abin kai wa yara. Mu mun san kogi yana cikowa da damina ya janye da rani, sau ɗaya a shekara. Teku kuwa sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa, cikin kowace sa'a 24 da minti 50. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimakonsa. Minti 50 ɗin nan da suka ɗoru su ke sa cikowar gobe ta yi bayan ta yau da kusan sa'a guda. Ran tsayuwar wata da ran da ya cika, rana da wata suna kan layi guda, jansu ya haɗu, sai ruwa ya hau ƙwarai ya kuma sauka ƙwarai. A gaɓar nan bambancin yakan kai wajen ƙafa 10. Ran 7 da ran 22 ga wata kuwa jan ya rabu, ruwa ba ya hawa sosai, har suna kiransa mataccen ruwa. Saboda haka wanda ya san kwanan wata ya san sa'ar da ruwa zai zo, ba sai ya duba littafi ba. A Lamu, in wata ya cika, cikowa takan kai ƙarshenta wajen ƙarfe 4 na asuba da 4 na yamma.

Akwai kuma wani lissafi na masu jirgi da ya kamata a riƙe. Ruwa ba ya janyewa da sauri ɗaya. In an kasa shi kashi 12, sa'ar farko kashi 1 ke tafiya, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Watau da fari sai ka ce bai motsa ba, har mutum ya saki jiki, daga nan sai ya zube kamar an fasa tulu.

Mkanda Da Ƙaramar Manda

Gari na wayewa muka tashi, muka yi arewa. Nahoda yana gaggawa, gama tsakanin Manda da babbar ƙasa akwai wata siririyar hanyar ruwa da ake kira Mkanda, ko da yake an yashe ta an ƙara mata zurfi, shi ya fi so ya wuce ta tun ruwan asuba bai gama janyewa ba. Dama da hagu duk kurmin wani itace ne da suke kira mikoko, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo. Da sandunansa ake yin azarar gidajen Lamu, shi ya sa ɗakunansu dogaye ne amma marasa faɗi, iyakar tsawon sanda iyakar faɗin ɗaki. A da, shekaru aru-aru an riƙa kai sandunan nan ƙasashen Larabawa inda itace ke wuya. A zamanin nan da ya wuce iska ce ke tsara wannan fatauci: daga Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sunanta kaskazi, ita ke kawo jirage daga Oman da Yaman, sa'an nan daga wajen Afrilu ta juya ta zama kusi, ta mai da su gida.

Da muka fita Mkanda sai ruwa ya buɗe. Daga hagu muka hangi sabuwar tashar manyan jirage wadda aka fara aiki da ita a watan Mayu na 2021, daga gaba can nesa ga tsibirin Pate kwance. A Pate ɗin nan ne kufan Shanga suke, inda wani masani Bature, Mark Horton, ya yi tono cikin shekarun 1980 ya sami gurbin masallaci na wajen ƙarshen ƙarni na 8 na Miladiyya. Mun so mu je, nahoda ya ce yini ɗaya ba ya ɗaukar Pate da Takwa, sai mu zaɓa. Muka haƙura.

Wajen hantsi muka sauka a Manda Toto, watau ƙaramar Manda, ɗan tsibiri ne da ba kowa a kansa sai farin rairayi da 'yan itatuwa. Mun tarar ruwa ya janye ƙwarai, shi ne kuwa lokacin da ya fi kyau a ga abin da ke ƙarƙashi. Samarin suka ba mu gilashin ido da bututun numfashi. Biyu daga cikinmu da suka iya iyo suka shiga, mu da ba mu iya ba muka sa rigar ruwa muka riƙe igiya muka leƙa. Mun ga dutsen teku mai rassa kamar ƙahonin barewa, wanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a hankali, da kifaye masu launi iri iri, shuɗi da rawaya da mai zane kamar saƙi. Kafin mu fito an gasa kifin da aka kama a hanya, an dafa shinkafa da madarar kwakwar attagara. Muka ci muka yi hamdala. Amma gishiri da rana suka sa mu ƙishirwa, muka yi ta shan ruwan jarka ba lissafi, har da wanke fuska da ƙafa. Nahoda ya dube mu, ya sa yaro ya ɗauke jarka guda ya ɓoye ƙarƙashin katako. A lokacin mun ɗauka rowa ce.

Garin Da Gishiri Ya Tasa

Da muka yi azahar ruwa ya soma dawowa, muka sake bin Mkanda muka yi kudu. A hanya muka yi ta gamuwa da jirage maƙare da tubalin dutsen teku da ake sarowa a Maweni cikin Manda, ana kai wa magina a Lamu. Wajen ƙarfe 3 muka karya hagu muka shiga wani rafi cikin kurmin mikoko. Tun yana da faɗi har ya tsuke, rassa suna shafar jirgi, aka naɗe tanga, aka kashe inji, samari suka ɗauki gora suna tunkuɗawa. Inda muke bi ɗin nan da safe taɓo ne tsantsa, ƙaguwa ke yawo a kai. Muka sauka a kan wata gadar katako, nahoda ya ce, "Malamai, ku yi la'asar, ku duba abin da za ku duba. In kun ga inuwa ta yi tsawo biyu, ku komo. Kada in aiko."

An kafa Takwa wajen shekarar 1500, aka tashi daga cikinta a ƙarni na 17. James Kirkman ya fara tono a wurin a 1951, yanzu kuwa tana hannun hukumar gidajen tarihi ta Kenya, ana biyan kuɗin shiga. Har yanzu ana ganin ganuwar garin, da bangayen gidaje, da manyan kukoki irin namu tsaye a tsakaninsu. Masallacin Jumma'a shi ya fi kome tsira, da wani dogon ginshiƙi bisa bangon alƙibla. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne alƙiblar tana duban arewa. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas sai da muka tsaya muka tuna taswira: Makka tana arewa da Lamu kusan tsaye. Akwai kuma wani kabari mai ginshiƙi wanda mutanen Shela, jikokin mutanen Takwa, suka riƙa zuwa ziyara suna roƙon ruwa.

To, me ya tashi gari mai ganuwa da masallacin dutse? Masana sun ambaci rikici da mutanen Pate, amma babban dalilin da suka fi ƙarfafawa shi ne rijiyoyin garin sun koma gishiri. Ga yadda abin yake. Ruwan sama da ya nutse cikin rairayin tsibiri ba ya gauraya da na teku nan da nan, sai ya zauna a bisansa, gama ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba. Lissafin masana ya nuna kowace ƙafa 1 ta ruwan daɗi da ta ɗara bakin teku tsawo, akwai kamar ƙafa 40 nasa a ƙarƙashi. Juya lissafin ka gani: in jama'a suka yawaita ɗiba har ruwan rijiya ya sauka ƙafa 1, gishiri zai hau ƙafa 40 daga ƙasa. Ran da ya iso gindin rijiya kuwa, ba sarki ba malami, sai ƙaura. Muka tsaya bakin wata tsohuwar rijiya muna jin rurin teku ta bayan tudu, ga ruwa iyakar ganin ido, ga gari ya mutu da ƙishirwa.

Saura Kaɗan Mu Kwana

A nan ne muka yi kuskure. Ɗayanmu ya tsaya yana kwafe tsarin masallaci cikin littafinsa, wani ya ce ba zai tafi ba sai ya hau tudu ya ga babban teku, mu kuma muka biye musu, muna cewa ai da muka duba rafi ruwa bai ragu ba. Mun manta da kashi 1 na sa'ar farko. Sai ga yaron jirgi a guje yana kira. Muka iske nahoda tsaye cikin ruwa, bai ce mana kome ba sai "Ku shiga."

Ba mu yi nisa ba muka ji gindin jirgi ya gurji ƙasa, ya tsaya. Ruwa kuwa ga shi yana gudu zuwa teku kamar kogi, saiwoyin da ɗazu ke nutse sun fito. Tafinta ya gaya mana in jirgin ya zauna, ba mai ɗaga shi sai cikowar da za ta zo cikin tsakar dare, mu kwana nan cikin sauro. Nahoda ya ce kowa ya sauka. Muka tuɓe takalma muka naɗe riguna muka faɗa taɓo har gwiwa, malami da akawu da yaron jirgi kafaɗa ɗaya, muna turawa yana ba da umurni. Ƙumba ta yanki ɗayanmu a tafin ƙafa. Sau uku jirgin yana zama muna ɗaga shi, kāna muka kai inda gora ta daina taɓa ƙasa. Da muka hau muna haki, maƙogwaro ya bushe, sai dattijon nan ya jawo jarkar da ya ɓoye, ya ba kowa kofi ɗaya, ya wanke wa mai rauni ƙafa da sauran. Babbanmu ya ce, "Baba, mun yi laifi, a gafarce mu." Ya ce, "Ba kome, Malam. Ba ku ne farko ba."

Shela Da Tuddanta

Muka ƙetare zuwa Shela, kamar mil 2 kudu da garin Lamu, muka yi magariba a masallacinta mai hasumiya wanda aka gina a 1829. A nan aka ba mu labarin da ya nuna lalle ba mu ne farko ba. Wajen 1812 mayaƙan Pate da na Mazru'i masu mulkin Mombasa suka kawo wa Lamu yaƙi, suka sauka a rairayin Shela. Masu tarihin garin suna cewa da yaƙi ya juya musu suka gudu zuwa jiragensu, sai suka tarar ruwa ya janye ya bar su a kan yashi, aka yi musu mummunar ɓarna. Bayan wannan nasara ne aka gina babbar ganuwar yaƙi ta Lamu, tsakanin 1813 da 1821, wadda ke tsaye a tsakiyar gari har yau.

Bayan Shela akwai tuddan rairayi da suka miƙe kamar mil 7 a bakin teku. Baƙo zai ɗauka wofi ne, alhali kuwa su ne randar garin: su ke shanye ruwan sama su adana, daga rijiyoyin da ke gindinsu ake tura wa Lamu ruwan sha. Masana sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan ɗiba da gine-gine a kan tuddan nan suna iya jawo gishiri cikin rijiyoyin. Mutanen Shela ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, kufan kakanninsu na nan tsallaken ruwa.

Ga Mai Niyyar Zuwa

Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ga abin da muka koya. Ya yi ciniki tun jiya, a faɗi kome a fili: man inji, da abinci, da kuɗin shiga Takwa, da lokacin komowa, ya kuma tabbata agogon wa ake nufi. Ya ƙidaya rigunan ruwa da idonsa kafin a tashi, ko ya iya iyo ko bai iya ba. Ya ɗauki ruwan sha ninkin abin da yake tsammani, kada ya yi wanka da shi. Watannin kaskazi sun fi kwanciyar teku, na kusi kuwa, musamman daga Mayu zuwa Agusta, igiyar ruwa takan yi ƙarfi. Ya zaɓi tsibiri biyu ko uku ya gan su sosai, ya fi ya lissafa biyar ya kwana a taɓo. Sa'an nan ya gaya wa nahoda wuraren da yake so, amma ya bar masa tsarin wanda za a fara da wanda za a ƙare.

Da muka idar da salla wata ya fito ta bisa Manda, cikakke. Aka buɗe tanga, muka kama hanyar Lamu, mai rauni yana ɗingishi, littafin mai zane ya jiƙe. Nahoda ya nuna watan da haɓa ya ce gobe ruwan Takwa zai makara da kusan sa'a guda. Muka duba lissafinmu, haka ne. Allah ya sa mu zama masu jin maganar waɗanda suka fi mu sanin hanya, amin.